Yadda Ake Gane Tsohon Abin Kiɗa da Ba a San Sunansa Ba

Yakan faru idan an yi rasuwa a tsohon gida, aka zo rabon gado ko gyaran ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, a ci karo da wani abin kiɗa rataye a jikin azara ko kife a bayan randa, ƙura ta lulluɓe shi, fatarsa ta bushe ko ta yage, kuma duk cikin waɗanda suke raye babu mai iya faɗin sunansa. Wani ya ce kalangu ne, wani ya ce ai ganga ce kawai, kafin a ankara yara sun ɗauka sun fara bugu. Haka kuma mutum yakan tsinci irin wannan a wajen masu sayar da kayan gargajiya, kamar na Kasuwar Kurmi a Kano, inda mai kaya zai ba shi sunan da ya ga zai fi kawo kuɗi. Gane abin kiɗa irin wannan ba ya bukatar sai mutum ya zama makaɗi, amma yana bukatar haƙuri da bin abu daki-daki, domin amsar tana jikin kayan, a siffar itacensa da yadda aka ɗaure fatarsa da wuraren da hannu ya goge shi.

Abu na farko shi ne a kame hannu daga gyara. Kada a wanke shi da ruwa, kada a shafa masa man gyaɗa ko man kaɗanya don ya yi sheƙi, kada a kai wa kafinta ya goge shi da samfefa, kuma kada a yanke ragowar tsohuwar fata ko igiyar da ta tsinke da sunan share datti. Abin da ido yake gani kamar datti sau da yawa shi ne shaidar da za ta bayyana sunan kayan, kuma wanda ya kankare shi ya yi garin neman gira ya rasa ido. A fito da shi fili inda akwai haske, a rufe hanci saboda ƙura, a haska cikinsa da tocila kafin a zura hannu, domin kunama da gizo-gizo suna son irin wannan wuri. Sai a kaɗe ƙurar sama da buroshi mai laushi ko busasshen ƙyalle, a tsaya a nan. Bugu ma a dakata da shi, saboda fatar da ta shekara talatin ba a taɓa ta ba tana iya tsagewa da bugu ɗaya.

Daga nan sai awo da hoto. A auna tsawonsa da faɗin kowane baki da kaurin tsakiyarsa da santimita, a rubuta a takarda. A ɗauki hotonsa daga sama da ƙasa da gefe, da cikinsa idan yana da buɗaɗɗen baki, a ajiye tafin hannu ko kwalin ashana kusa da shi domin mai kallo ya gane girmansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai kayan kiɗan da siffarsu ɗaya ce sak, girma kaɗai ya raba su, kuma hoton da babu abin kwatance a cikinsa yakan mayar da 'yar ƙaramar ganga irin kuntuku ta zama kamar ƙaton tambari.

Tambayar farko da za a yi wa kayan ita ce, mene ne yake fitar da sautin, fata ce ko jikin abin da kansa? Ma'aikatan gidajen tarihi a duniya suna bin wani tsari da masana biyu, Hornbostel da Sachs, suka fitar a Berlin a shekarar 1914, kuma a nan suke fara raba kayan bugu gida biyu. Bahaushe bai jira wannan tsari ba, tun da ya san ganga daban, ƙwarya daban. Idan abin ƙarfe ne mai kama da ƙararrawa, ɗaya ko biyu a haɗe, babu ɗan ƙarfen da yake lilo a cikinsa, to ana maganar kuge, wanda ake bugawa da ƙaho, kuma kayan fada ne da na yaƙi. Sai dai Ibo ma suna da irinsa da suke kira ogene, don haka sai an dubi inda ya fito. Idan ƙarafa ne masu faɗi da ake riƙewa bibbiyu a tafa, wasu da 'yan zobba a jiki, sambani ne. Idan ƙarfe ne mai zobba da aka yi shi daidai zagayen ƙafa, akayau ne na masu rawa. Dogon duma siriri mai huji a kai da gindi, da zane na wuta a jikinsa, shantu ne na mata, wanda ake bugawa a cinya ana toshe bakin da tafin hannu. Gora mai tsakuwa a ciki caki ce, abokiyar tafiyar garaya. Ƙwarya kuwa tana da wuyar sha'ani, domin ƙwaryar kiɗa da ta fura duk ɗaya ce a asali, sai dai ta kiɗa za a ga bayanta ya sha sanda ya yi tabo-tabo a wuri ɗaya, cikinta kuwa babu alamar ludayi ko tsamin nono. Guntun gungume da aka rarake ta wata doguwar tsaga a gefensa, babu wurin fata ko kaɗan, ba na ƙasar Hausa ba ne, irin na Ibo ne da Tibi da sauran mutanen kurmi.

Idan abin na fata ne, to aikin yanzu ya fara, kuma a nan ya kamata a daɗe. A manta da fatar tukuna a dubi kangon, wato jikin itacen. Siffofin da aka fi samu a ƙasar Hausa ba su da yawa. Akwai mai siririn ƙugu da baki biyu masu faɗi, akwai miƙaƙƙe kamar guntun bututu, akwai mai kama da akushi ko tukunya wanda gindinsa a rufe yake, akwai dogo da ake girkewa a ƙasa, sannan akwai zobe marar zurfi kamar bakin rariya.

Mai ƙugu shi ne ya fi ruɗa mutane, domin duk wanda ya gan shi sai ya ce kalangu. Kalangu fata biyu gare shi, ɗaya a kowane baki, tsarkiyoyi masu yawa sun taso daga wannan fata zuwa waccan ba tare da sun kama itacen ba, kuma su ne makaɗi yake matsewa a hammata ya sassauta, muryar ta hau ta sauka har ta kwaikwayi magana. Da gula ake buga shi, wato lanƙwasasshen sanda mai faffaɗan kai. Asalinsa kiɗan mahauta ne, daga baya ya shiga dandali da fagen dambe da taron biki, kuma da shi Mamman Shata ya yi zamaninsa har rasuwarsa a 1999. Jauje ma haka siffarsa take, fata biyu da tsarkiya da gula, amma ya fi kalangu tsawo da nauyi, kuma na sarakuna ne. Idan an samu ƙarami ƙwarai wanda aka ɗaure tsarkiyoyinsa tamau a ƙugu yadda ba za su motsa ba, to ɗan karɓi ne, mai raka babban kalangu da murya ɗaya. Kotso kuwa, ko da yake yana da ƙugu da tsarkiya, fatarsa ɗaya ce, ƙasansa a buɗe yake, kuma da yatsu ake kaɗa shi ba da gula ba. Shi ne abin kiɗan Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, wato na makaɗan fada. Kazagi ma fata ɗaya gare shi, amma ɗan ƙarami ne, ana rataya shi a wuya ya sauko gaba, a buga da 'yan bulali guda biyu.

Matsalar ita ce, tsohon kalangun da fatarsa ɗaya ta lalace ta faɗi yakan yi kama da kotso, kuma kotson da ya rasa komai yakan yi kama da kalangu. Kama da wane kuwa ba ta wane. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan a zauren wani gida da ake shirin rushewa, inda aka ciro wani kango baƙi ƙirin daga cikin tarkace, tsawonsa bai kai kamu ɗaya da rabi ba, da ɗan ragowar fata a baki ɗaya kamar busasshen ganye. Kowa ya yanke cewa kalangu ne, har wani matashi ya ce zai kai a rufa masa fata biyu. Da muka juya shi a rana sai muka ga bakin sama ya yi sumul, ya zagaye kamar leɓen tsohuwar ƙwarya saboda shekarun da fata ta yi tana gugarsa, bakin ƙasa kuwa kaifinsa na nan yadda masassaƙi ya bar shi, ga kuma 'yan huji a jere a kewayensa, wasu da guntun tsarkiya a maƙale. Fata ba ta taɓa zama a wannan baki ba. Sannan a tsakiyar ragowar fatar akwai wani baƙin tabo mai kauri, da'ira guda kamar faɗin kwabo, wanda da farko muka ɗauka kashin jemage ne. Danƙo ne da makaɗa suke liƙawa a tsakiyar fata don murya ta yi zurfi. Waɗannan alamu uku, baki ɗaya mai santsi, wurin ɗaurin tsarkiya a jikin itace, da danƙo, su suka nuna kotso ne, kuma da an goge tabon nan da safe kamar yadda aka so yi, da an rasa ɗaya daga cikinsu.

Darasin da ke cikin wannan ya shafi kowace irin ganga. Fatar da aka buga da gula ko sanda tana yin rauni a wuri ɗaya, ta yi fari ko ta yi ɗan kwarmi inda kan sandan yake sauka. Fatar da aka kaɗa da hannu kuwa tana yin duhu da maiƙo a gefe-gefe, inda tafi da yatsu suke zama. Danƙo a tsakiya a ƙasar Hausa yawanci alamar kiɗan hannu ne na fada. Haka kuma a duba ko akwai wata siririyar igiya da aka gitta a kan fatar, ko huji biyu masu fuskantar juna inda take a da, domin ita ce take sa murya ta yi zizar nan da ake ji a ganga.

Miƙaƙƙen kango mai fata biyu shi ne ganga a ainihin ma'anar kalmar, ko da yake yau ana kiran kowane abin bugu da wannan suna. A nan girma da ado su ne jagora. Babba ƙwarai, wadda sai an rataya ta a kafaɗa da maratayi mai faɗi, ta fi kama da gangar noma, ta gayya da kiɗan manoma. Matsakaiciya da aka lulluɓe jikinta da jan ƙyalle ko wani yadi mai daraja ta fi kusa da gangar fada, wadda take tafiya da algaita ko kakaki. Ƙarama a cikin wannan dangi akwai kurya, wadda kirarinta, gangar mutuwa, ya isa ya nuna fagen da aka san ta da shi. Ragowar ƙyalle ko zaren ɗinki a jikin kango abu ne da za a adana, ko da ya zama tsumma.

Masu rufaffen gindi su ma dangi ne babba. Mafi girma shi ne tambari, ƙaton kango kamar babban akushi mai zurfi, rufe da fatar sa mai kauri, an ja ta da kiri zuwa gindi. Tambari ba kayan kowa ba ne, alamar mulki ce, ana buga shi a naɗin sarauta da Sallah da sauran lokutan da fada ta keɓe, kuma akwai masu sarautar kula da shi. Buzaye ma suna da irin wannan gangar mulki da suke kira ettebel, a Sudan kuwa ta sarakunan Darfur ta tagulla ce, ana ce mata nahas. Saboda haka idan aka ga abin da ya yi kama da tambari a gidan da ba shi da alaƙa da sarauta, sai a yi tambaya sosai a kan yadda ya zo, domin bai cika yawo haka kawai ba. Ƙanana masu wannan siffa su ne banga da taushi, na kiɗan hannu a fada, kuma sarautar Sarkin Taushi da aka sani a Sakkwato da Katsina daga wannan abin kiɗa ta samo suna. Kuntuku, wanda wasu suke kira kurkutu, ya fi su ƙanƙanta, ana buga shi da 'yan sanduna biyu yana raka kalangu. Idan jikin ba itace ba ne, duma ne aka yanke aka rufe da fata, to a tuna da talle na mafarauta da 'yan tauri. Dogon kango da ake tsayarwa a ƙasa, fata ɗaya a sama, ya fi kama da dundufa, kiɗan maƙera. Zobe marar zurfi mai fata ɗaya kuwa bandiri ne, wanda 'yan Ƙadiriyya suke amfani da shi wajen zikiri, kuma sunansa da siffarsa duka suna da dangantaka da bendir na Arewacin Afirka.

Wani lokaci fatar da igiyar duk sun tafi, itace kaɗai ya rage, har ana shakkar ko abin kiɗa ne ma. Tsohon turmi da akushi da amya duk sun sha ruɗa mutane. Turmi gindinsa yana da kauri da nauyi, cikinsa ya yi santsi saboda taɓarya, bakinsa kuma yana da faɗi. Kangon ganga an rarake shi ya yi sirara gwargwado don ya amsa murya, cikinsa yakan kasance da kaushi da sawun gizago tun da ba wanda zai gani, bakinsa kuma an fiƙe shi an zagaye don kada ya yanke fata. Idan aka ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa yakan amsa, turmi kuwa sai ya yi dum ya yi shiru. Sai dai a sani cewa matan Buzaye suna rufa wa turmin daka fata su mayar da shi abin kiɗa da suke kira tende, su gama su kwance ya koma aikinsa, don haka a Agadas turmi da ganga suna iya zama abu ɗaya.

Ba kowane abin kiɗa da aka samu a gidan Bahaushe ne na Hausa ba. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja da ƙasar Asante, sun zauna a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi, sun bi ta Chadi da Sudan zuwa Makka a ƙasa, wasu sun yi aikin soja ko na jirgin ƙasa a kudu, kuma kowa yakan dawo da tsaraba. Yadda aka ɗaure fata shi ne ya fi saurin tona asalin baƙo. Idan an kafa turaku na itace a jikin kango a karkace, aka rataya igiyar fatar a kansu, yadda sai an buga turakun ciki fata take ɗaurewa, wannan aikin mutanen kurmi ne, kamar atumpan na Asante da gangunan Ewe, ba tsarin Hausa ba. Mai ƙugu babba da aka jera wa ƙananan ƙararrawa na tagulla a kewayen baki, iya ilu ce ta Yarbawa, uwar rukunin gangunansu da ake kira dundun. Mai fata biyu da baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi sosai, an naɗe jikinsa tamau da fata, bata ce, ita ma ta Yarbawa. Suna kuma da wata 'yar ƙaramar mai kama da akushi, gudugudu, da baƙin danƙo a tsakiya, wadda za a iya ɗauka kuntuku ce ko banga idan ba a lura ba, alhali ita da bulalin fata ake bugunta. Lunga ta Dagomba a arewacin Ghana kuwa ta yi kama da kalangu da jauje ƙwarai, har sai wanda ya saba da su ne zai raba. Mai siffar turmi da faffaɗan kai da siririyar ƙafa, idan na itace ne da igiyoyi masu yawa a saƙe, jembe ne na Mali da Gini, idan kuwa na yumɓu ne ko na ƙarfe mai sauƙi, darbuka ce ta Masar da ƙasashen Larabawa, irin wadda alhazai da ɗalibai suke shigowa da ita.

Maganar shekaru ita ce inda aka fi yin ƙarya, kuma inda mai saye ya fi cutuwa. Fata da tsarkiya ana sauya su a kai a kai muddin ana amfani da ganga, saboda haka igiyar roba ko ƙusar kanti a jiki ba ta nuna cewa kangon sabo ne, tana nuna lokacin gyaran ƙarshe ne kawai. Shekarun suna jikin itace. Sawun gizago marar daidaito yana nuna aikin hannu, layuka masu zagaye daidai wa daida kuwa aikin injin ne. Gogewa ta gaskiya tana zuwa ne a inda jiki yake taɓawa, wato ƙugun da ya sha hammata, gefen da ya sha cinya, da wurin da maratayi ya ci itace ya yi masa kwari. Kayan da aka tsufar da gangan don masu yawon buɗe ido baƙinsa ɗaya ne ko'ina, har a lungun da hannu ba ya kaiwa, wani lokaci ma yana warin hayaƙi ko man takalmi. Abin da aka rataya a jiki yana taimakawa. Anini ko kwabo mai huji na zamanin Turawa yana nuna gangar tana aiki a lokacin da kuɗin yake yawo ko bayansa, kwabon da ya zo tare da naira kuwa ba zai wuce 1973 a tsufa ba. Kuɗin wuri kuwa ba hujja ba ce mai ƙarfi, domin har gobe ana ado da shi. Nau'in itacen ma abin tambaya ne wajen masassaƙa, waɗanda suke gane alilliba da ƙirya da sauransu da nauyi da launi, ko da yake wannan ya fi nuna yankin da aka sassaƙa fiye da shekara. Idan aka girgiza aka ji wani abu yana motsi a ciki, ko aka ga laya ɗinke a jikin maratayi, a bar su yadda suke a rubuta cewa suna nan. Farke laya ba ya ƙara sanin komai game da sunan ganga, yana dai ɓata wa masu gida rai.

Duk wannan duba na ido rabin aiki ne, sauran rabin yana bakin mutane. A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a da kiɗanta, saboda haka sanin sana'ar gidan da aka samu abin yakan rage zato da yawa. Gidan mahauta da kalangu, gidan maƙera da dundufa, gidan mafarauta da talle, gidan da yake da tsohuwar alaƙa da fada kuwa da kotso ko taushi ko banga. Sai dai tambayar tana son dabara, domin akwai gidaje da yawa da suka bar kiɗa tun tuni, saboda karatu ko kasuwanci ko ganin cewa sana'ar ba ta dace da su ba, kuma jikoki ba sa son a tuna musu cewa kakansu makaɗi ne. A ganina tsofaffin mata sun fi maza faɗin gaskiya a wannan fage, kuma sun fi riƙe bayani. Maimakon a ce wa tsohuwa, "Iya, mijinki makaɗi ne?" gara a ce, "Iya, kin taɓa ganin ana buga wannan? A wane irin taro? Da hannu ne ko da sanda? A tsaye mai bugun yake ko a zaune?" Amsar waɗannan ta fi suna amfani, domin suna yana sauyawa daga gari zuwa gari, abin da Bakano zai kira da wani suna Basakkwace ko Badamagare yana iya kiransa da wani.

Bayan gida sai wajen masu abin. Kusan kowace masarauta tana da Sarkin Kiɗa ko Sarkin Makaɗa, kuma a kasuwannin ƙauye ana samun masu rufa ganga. A je da kayan idan zai ɗauku ba tare da lahani ba, in ba haka ba a je da hotuna da awon. A tafi da goro ko ɗan abin alheri, a yi gaisuwa yadda ta kamata, kuma kada a riga shi faɗin suna. Idan aka ce, "Ranka ya daɗe, ga kalangun kakanmu," mai yiwuwa ya bar ka a kan kalangunka don kada ya kunyata ka. Idan kuwa aka ce, "Baba, mun tsinci wannan ba mu san kansa ba, mun zo a sanar da mu," zai karɓa ya juya shi, kuma yadda hannunsa zai kama shi tun kafin ya yi magana ya isa amsa, ko ya saƙala shi a hammata, ko ya ɗora a cinya, ko ya girke a ƙasa. A nemi izini a ɗauki muryarsa a waya, a tambaye shi sunan kowane sashe da bakinsa, sannan a kai wa wani makaɗin na wani gari a ji ko za su dace. Idan biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun da garin kowannensu.

Gidajen tarihi suna da amfani wajen kwatanta abu da ɗan'uwansa ido da ido. Akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da na Kaduna, a Yamai kuma akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama. Sassan nazarin Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna bincike a kan makaɗa da kayan kiɗansu. Tura hoto a Facebook ko WhatsApp yana iya kawo amsa cikin awa ɗaya, amma a ɗauke ta a matsayin zato har sai mai amsar ya faɗi alamar da ya gani ya yanke hukunci.

Akwai kuma doka, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba sai dillali ya zo da tayi mai tsoka. A Nijeriya dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa ta ambaci ganga a cikin abubuwan da za su iya zama kayan tarihi, idan aikin gida ce kuma an yi ta kafin 1918, ko kuwa tana da muhimmancin tarihi kuma an yi amfani da ita a bikin gargajiya. Irin wannan ba a fitar da shi ƙasar waje sai da izinin hukumar, sayar da shi ma yana da ƙa'ida. Wanda bincikensa ya nuna abin da yake hannunsa tsoho ne sosai, musamman tambari ko kuge ko wani kayan fada, ya fara sanar da masarautar yankin da hukumar kafin ya saurari kowane mai saye.

Idan an samu suna, a rubuta shi a ɗan kati tare da gidan da aka samu abin, da ranar, da sunan garin makaɗin da ya tabbatar, da abin da tsofaffin gida suka faɗa, a ɗaura katin da zare a jikin maratayi, kada a rubuta komai da biro ko fenti a jikin itacen. A ajiye shi a inuwa inda iska take ratsawa, a sama da ƙasa saboda gara da danshin damina, nesa da bango da rufin kwano mai zafi, kuma kada a ƙunshe shi a leda domin fata takan yi fumfuna. Guntayen fata da tsarkiyar da suka faɗo a zuba su a ambulan a ajiye tare da shi. Idan daga baya iyali suka yanke shawarar a rufa masa sabuwar fata don a sake jin muryarsa, mai rufin zai bukaci waɗannan guntaye ya ga irin fatar da aka yi amfani da ita, da kaurin tsarkiyar, da irin ƙullin da mai aikin farko ya yi.